Douglas A-26 Invader: tsohon jirgin yaƙin da ya zo har Kano a 1967

"Assalamu alaikum, Injiniya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin wani jirgin Biyafara da ya zo ya jefa bam a filin jirgin saman Kano lokacin Yaƙin Basasa. Kwanan nan na ga hoton wani tsohon jirgi mai farfela biyu, an zana masa haƙoran kifi a hanci, aka ce shi ne. Wani wuri an rubuta A-26, wani wuri kuma B-26. Wane jirgi ne wannan? Me ya sa masana jirage suke yabonsa haka? Kuma ta yaya jirgin Yaƙin Duniya na Biyu ya iso Kano fiye da shekara ashirin bayan an gama wancan yaƙin?" Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Labarin da ya ba ku gaskiya ne, kuma hoton da ka gani na jirgin ne. Sunansa Douglas A-26 Invader, ƙirar Amurka. Tambayarka gida uku ce, amma ta ƙarshen ita ce ta fi nauyi, domin in aka gane abin da ya sa jirgin ya yi tsawon rai, an gane dalilin yabon, an kuma gane hanyar da ta kawo shi Kano. Ni makanikin jirage ne, ba matuƙi ba. Aikina a ƙarƙashin fiffike yake da cikin inji, don haka abin da zan faɗa game da ƙira da gyara daga hannuna yake, abin da ya shafi yadda jirgin yake a sama kuwa daga bayanin matuƙan da suka tashi da shi ne.

Mu fara kawar da rikicin suna, don yana ruɗa mutane da yawa. A tsarin sojan saman Amurka na wancan zamani, harafin A na jiragen kai farmaki ƙasa-ƙasa ne, B kuma na masu jefa bam. An ƙera wannan a matsayin A-26. A 1948 aka soke rukunin A, aka mayar da shi B-26. Matsalar ita ce akwai wani jirgin dabam, Martin B-26 Marauder, wanda ya riƙe wannan lamba duk tsawon Yaƙin Duniya na Biyu kafin a yi masa ritaya. Kamfaninsu dabam, ƙirarsu dabam, injin kawai suka haɗa. In kana son bambance su a hoto, dubi jiki da wutsiya: Marauder jikinsa mulmulalle ne, kan wutsiyarsa a zagaye, Invader gefensa a shafe yake, kan wutsiyarsa a yanke. Duk B-26 da aka ce ya yi yaƙi bayan 1948, a Koriya ne ko Kwango ko Nijeriya, Invader ake nufi.

Yadda aka ƙera shi

Kamfanin Douglas da ke Kalifoniya ne ya ƙera shi a ƙarƙashin jagorancin Ed Heinemann, don ya gaji wani jirginsu mai suna A-20 Havoc. Ya fara tashi ranar 10 ga Yuli, 1942. An ƙera kusan guda 2,500 a masana'antu biyu, Long Beach da Tulsa. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 21 da 'yan kai, tsawonsa kimanin mita 15. Yana gudun kilomita 570 a awa, yana ɗaukar bama-bamai masu nauyin kilo 1,800 a cikinsa, ban da abin da ake ratayawa a ƙarƙashin fuka-fukai. Abin lura shi ne jiragen da ke ɗaukar irin wannan kaya a lokacin suna buƙatar matuƙa biyu da ma'aikata shida ko bakwai. Wannan matuƙi ɗaya ne, mutum uku gaba ɗaya sun ishe shi.

Hanci iri biyu aka yi masa. Samfurin A-26B rufaffen hanci gare shi, cike da bindigogin mashin-gan masu harsashi milimita 12.7, da fari shida, daga baya takwas. Wasu kuma aka ƙara musu shida a cikin fuka-fukai, ya zama goma sha huɗu ke nan suna kallon gaba, duk a ƙarƙashin yatsan matuƙi. Samfurin A-26C hancinsa na gilashi ne, inda mai auna bam yake zama da na'urarsa. Ana iya kwance wannan hanci a ɗaura wancan cikin 'yan awoyi, abin da duk makaniki zai yaba, domin jirgi ɗaya ya zama biyu ke nan. A baya kuma akwai rumbunan bindiga biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba kowa a cikinsu. Mutum ɗaya ne yake zaune a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki bayan ma'ajiyar bam, yana leƙe ta madubi yana juya su daga nesa.

Amma zuciyar al'amarin inji ne, kuma nan nake son in daɗe. Injuna biyu ne ƙirar Pratt & Whitney R-2800, kowanne da ƙarfin doki 2,000. Silinda 18 gare shi, an jera su a da'ira biyu, tara a gaba tara a baya, cikinsu gaba ɗaya kusan lita 46. Iska ce take sanyaya shi. Babu lagireto, babu ruwa, babu tiyo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jirgin da aikinsa shi ne ya sauko ƙasa-ƙasa inda kowane soja mai bindiga zai iya harbinsa. Injin da ruwa ke sanyayawa, harsashi ɗaya a lagireto ya isa ya tsiyaye ruwan, cikin mintoci kaɗan fistin ya kama. Wannan kuwa akan fasa masa silinda guda ya ci gaba da juyawa har ya kai mutanensa gida. Shi ne injin da aka sa wa jiragen yaƙin Amurka irin su P-47 Thunderbolt da Corsair da Hellcat, bayan yaƙi kuma aka sa wa jiragen fasinja irin su DC-6. An ƙera fiye da 125,000. Riƙe wannan adadi, zai yi mana amfani a gaba.

Wanda bai taɓa hidimar inji mai da'ira ba ba zai san irin kulawar da yake nema ba. Kowace silinda filogi biyu gare ta, wato 36 a inji guda, 72 a jirgi, kuma na layin baya sai ka cusa hannu har kafaɗa kafin ka kai gare su. Yana shan baƙin mai, yana ɗigar da shi, wannan ɗabi'arsa ce, ba lalacewa ba. In ya kwana, man yakan gangaro ya taru a silindojin ƙasa. Shi ya sa a kan ƙananan injunan irin wannan da na yi aiki a kansu, ba a taɓa tayarwa da safe sai an fara juya farfela a hankali an tabbatar ba ta cije ba. Mai, kamar ruwa, ba ya matsuwa. In fistin ya hau kan taruwar mai da ƙarfi, sandarsa ta lanƙwashe, injin kuma zai iya yin shiru da wannan rauni har sai an kai sama. Farin hayaƙin nan da kake gani yana turnuƙewa in an tayar da tsofaffin jiragen nan, wannan man ne yake ƙonewa.

Fiffiken ma sabon abu ne a zamaninsa. An yi masa siffar da iska ke bi a kansa sumul ba tare da ta hargitse da wuri ba, shi ya ba shi gudu. Irin wannan fiffike yakan wahalar da jirgi wajen sauka, don ba ya son tafiya a hankali, sai Douglas suka sa masa alluna masu tsaga biyu a gefen baya, waɗanda ake saukarwa su riƙe iska in za a sauka.

Duk da haka ba a karɓe shi hannu bibbiyu da fari ba. Da aka kai 'yan farko yankin Niyu Gini a tsakiyar 1944, matuƙa suka koka cewa injunan sun tare musu gani ta gefe, rufin ɗakin matuƙi kuma ƙarafansa sun yi yawa. Janar George Kenney, kwamandan sojan saman yankin, ya ce ba ya so, a bar masa tsofaffin A-20 ɗinsa. Yana da gaskiya a lokacin, domin mai tafiya dab da kan itatuwa a sahu da 'yan'uwansa dole ya ga na kusa da shi. Sai aka sake rufin, aka yi mai tudu wanda ke buɗewa gida biyu. A Turai, inda ya fara aiki a watan Satumba na 1944, ya yi fita sama da 11,000 kafin Jamus ta miƙa wuya, aka rasa 67 kacal.

Abin da ya hana shi ritaya

Ya shigo yaƙin a makare, don haka da aka gama a 1945 ɗaruruwansa sababbi ne fil, wasu ko fagen fama ba su gani ba. Ga jiki sabo, ga inji da kayan gyaransa suke ko'ina a duniya saboda jiragen fasinja, ga makanikai da suka san shi. Ga kuma wani abu da jiragen jet na farko suka kasa: jet yana da gudu amma yana zuƙe mai, ba ya iya daɗewa yana shawagi a kan hanya da dare yana jiran fitilar mota ta bayyana, kuma ba ya son titin jirgi mara kyau. Invader yana yin duk wannan.

A Koriya shi ya kai harin bam na farko da Amurka ta kai cikin Koriya ta Arewa, ranar 29 ga Yuni, 1950, shi kuma ya kai na ƙarshe, mintoci kaɗan kafin yarjejeniyar tsagaita wuta ta fara aiki ranar 27 ga Yuli, 1953. Yawancin aikinsa a can farautar motocin kaya da jiragen ƙasa ne cikin dare. Faransa ta yi amfani da shi a Indocina, wato yankin Biyetnam da Lawos da Kambodiya, har da yaƙin Dien Bien Phu na 1954, sannan a Aljeriya.

Daga nan tarihinsa ya shiga duhu, kuma dalilin a fili yake. Jirgin da ƙasashe da yawa suka mallaka, in an goge lambarsa ba mai iya cewa ga inda ya fito. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta gane haka. A 1958 ta tura shi taimakon 'yan tawaye a Indunusiya, asirin ya tonu da aka harbo wani matuƙi Ba'amurke, Allen Pope, ranar 18 ga Mayu kusa da Ambon, aka kama shi da takardunsa. Ranar 15 ga Afrilu, 1961, guda takwas suka taso daga Nikaraguwa da fentin sojan saman Kyuba suka kai hari filayen jiragen Fidel Castro, don a ce matuƙansa ne suka yi masa bore. Shi ma Castro yana da irin jirgin. A 1964 matuƙa 'yan gudun hijirar Kyuba suka tuƙa shi a Kwango a kan 'yan tawayen Simba. Fotugal ma ta samo guda bakwai ta ɓarauniyar hanya a 1965, ta kai su Angola daga baya.

Sai dai ƙarfe yana gajiya, kuma wannan shi ne darasin da nake koya wa duk yaron da ya shigo aikinmu. Ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya: ba ta karyewa a karo na farko ko na goma, amma kowane lanƙwaso yana barin rauni da ido ba ya gani, har ranar da za ta rabu biyu a hannunka ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Haka ginshiƙin fiffike yake. A Biyetnam, daga 1961, aka riƙa rataya wa waɗannan tsofaffi kaya masu nauyi a ƙarƙashin fuka-fukai, suna gudu a kan titi mai gargada suna jijjiga, suna sulmiyowa ƙasa da gudu sannan matuƙi ya fizgo su sama. Fuka-fukai suka fara ɓallewa a sama. Ranar 11 ga Fabrairu, 1964, wani ya rasa fiffikensa a gaban 'yan kallo a sansanin Eglin da ke Fulorida, ba da daɗewa ba aka dakatar da su duka. In muna neman irin wannan tsaga, mukan wanke wurin tas, mu shafa jan ruwa mai ratsa ƙarfe, mu goge, mu fesa farin gari a kai. In akwai tsaga, sai jan layi siriri ya fito a kan farin. Yawanci daga bakin ramin ƙusa take farawa, a wurin da ya fi wuyar kaiwa.

Abin da ya biyo baya shi ne shaidar darajar jirgin. Maimakon a jefar da shi, sai aka ba kamfanin On Mark Engineering na Van Nuys guda 40 ya sake gina su: aka ƙarfafa ginshiƙan fuka-fukai, aka sa injuna masu ƙarfin doki 2,500, aka ƙara tankunan mai a bakin fuka-fukai, aka kira su B-26K. A 1966 aka kai su Nakhon Phanom a ƙasar Tailan don su riƙa farautar motoci a hanyar Ho Chi Minh cikin Lawos, wadda Biyetnam ta Arewa take bi tana kai kayan yaƙi kudu. Gwamnatin Tailan ba ta yarda a girke jiragen jefa bam a ƙasarta ba a lokacin, sai aka mayar musu da lambar A-26A. Sun yi wannan aiki har ƙarshen 1969.

Zuwansa Nijeriya

Da Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, babu ɓangaren da ke da jirgin yaƙi na sosai. Rundunar sojan saman Nijeriya shekararta uku kacal da kafuwa, abin da take da shi jiragen koyon tuƙi ne da na ɗaukar kaya. A irin wannan hali, jirgi ɗaya mai iya ɗaukar bam ya je ya dawo babban makami ne. Faransa tana sayar da tsofaffin Invader ɗinta bayan ta fita daga Aljeriya, sai wakilan Biyafara suka sayi ɗaya ta hannun dillalai a Turai. Ya sauka Inugu dab da fara yaƙin, wanda ya ɓarke ranar 6 ga Yuli.

Wanda ya kawo shi ya kuma tuƙa shi Jan Zumbach ne, ɗan ƙasar Folan. Ba ƙaramin matuƙi ba ne: yana cikin runduna ta 303, ta 'yan Folan da suka yi fice wajen kare Ingila daga jiragen Jamus a 1940. Bayan yaƙi ya koma sojan haya, ya yi wa Tshombe, jagoran 'yan awaren Katanga a Kwango, aiki a 1962, a Biyafara kuma ya yi amfani da sunan John Brown. Jirgin ya zo tsirara, babu bindigoginsa na asali. A Inugu aka ɗaura masa bindigogin sojan ƙasa, aka haɗa masa bama-bamai na gida, wasu ma da hannu ake tura su waje. A nan aka zana masa haƙoran da ka gani.

A watan Yuli ya kai hari filin jirgin saman Makurɗi. A watan Agusta ya zo Kano. Daga Inugu zuwa Kano kilomita 600 ne da 'yan kai a miƙe, jirgin kuwa yana iya tafiyar fiye da 2,000 da mai ɗaya, don haka zuwa da komawa ba wahala ba ne gare shi. Dalilin zuwan kuma a filin jirgin yake. Birtaniya ta ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, Amurka ta hana makamai ga ɓangarorin biyu, sai Legas ta juya ga Tarayyar Sobiyet da Cekoslobakiya. A Kano ake sauke jiragen jet na yaƙi ƙirar Sobiyet, MiG, ana harhaɗa su a wannan watan. Su aka zo nema a ƙasa kafin su tashi.

A ganina, ɓarnar da jirgin ya yi ba ta kai tsoron da ya jefa a zukata ba. Bam ɗin da aka tura da hannu ba ya faɗawa inda aka nufa sai an yi sa'a. Amma mutanen da ba su taɓa jin bam daga sama ba, kamar su mahaifinka, ba za su manta wannan ƙara ba, kuma hukumomi sun ga cewa samaniyar Arewa a buɗe take. Zamaninsa bai daɗe ba. Da MiG-17 da L-29, jet ɗin Cekoslobakiya, suka fara tashi, tsohon jirgi mai farfela ba shi da sakewa da rana. Ga rashin kayan gyara, domin duk yawan R-2800 a duniya, ba ya amfanar wanda aka toshe masa teku. Da sojojin tarayya suka shiga Inugu ranar 4 ga Oktoba, 1967, a ƙasa suka same shi. Biyafara ta samu na biyu, shi ma aka bar shi a Fatakwal, wadda ta faɗi a watan Mayu na 1968.

Ka tambayi dalilin yabo, Malam, kuma ba zan ɓoye maka abin da ke raina ba. Ina son wannan jirgi. In na ga yadda aka zaunar da injunan nan a dogayen gidajensu, da yadda aka tsara komai don mutum ɗaya ya sarrafa, nakan ji girman mutanen da suka zana shi da fensir da ma'auni, babu kwamfuta. Amma na san abin da aka ƙera shi ya yi. Ƙauyukan Aljeriya da Lawos da Kwango sun ga wutarsa, kuma da yawa daga waɗanda ta ci manoma ne da iyalansu. Mu da yaƙinmu ya ci rayuka masu ɗimbin yawa ta ɓangarorin biyu, bai kamata mu yi maganar jirgin yaƙi kamar muna maganar motar tsere ba. Yabona ga ƙira yake da hannun da ya yi ta, kuma ina faɗarsa ne tare da wannan sani.

Inda suka ƙare

Indunusiya ce ta yi yaƙi da shi na ƙarshe, a Timor ta Gabas a tsakiyar shekarun 1970, sojan saman Kolambiya kuma suka riƙe nasu har 1980. A hannun farar hula ya yi rayuwa iri biyu. Kafin ƙananan jiragen jet su yawaita, manyan kamfanonin Amurka sun sayi ragowar soja suka sa kujeru a inda bam yake zama, suna ɗaukar shugabanninsu da shi saboda gudunsa. On Mark ɗin nan dai su suka yi fice a wannan gyara. Na biyun kashe gobarar daji ne a Amurka da Kanada, inda aka sa tankin maganin wuta a cikinsa. Aikin ya dace da shi ƙwarai, tun da saukowa ƙasa-ƙasa tsakanin duwatsu da sakin kaya a daidai wuri shi aka ƙera shi ya yi. Kamfanin Air Spray na Red Deer a lardin Alberta ya yi aiki da su har 2004, shekara 62 ke nan bayan tashin farko.

Yau 'yan kaɗan ne suke tashi, a hannun gidajen tarihi da masu sha'awa, galibi a Amurka. In Allah ya kai ka can, gidan tarihin sojan saman Amurka da ke Dayton a jihar Ohayo yana da mai hancin gilashi irin na Koriya da kuma B-26K, ka ga bambancinsu da idonka. Masu riƙe da waɗanda ke tashi suna fama da abubuwa biyu: makanikan da suka san inji mai da'ira suna tsufa suna ƙarewa, sannan ginshiƙin fiffiken nan dole a riƙa buɗewa ana duba shi a kai a kai, kuma duk ranar da aka ga tsaga a inda ba ta gyaruwa, kuɗin sabon ginshiƙi yakan fi ƙarfin mai jirgin, sai a tura shi rumfar nuni.